Mene Ne Ke Wanki a Cikin Sabulu?



Shekara 11 ke nan muna riƙe da littafin zauren sarkin unguwarmu, a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi. Aikinmu shi ne mu zauna daga gefe mu rubuta wanda ya kawo ƙara, da wanda aka kawo, da abin da aka yanke. Mun rubuta rigimar gado, da ta iyakar fili, da ta kuɗin haya, da ta auren da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Amma a cikin shafukan nan duka babu wanda alƙalami ya yi mana nauyi a kansa kamar wanda muka rubuta damina biyu da suka wuce, a kan sabulu.

Gida ne na haya irin namu, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A cikinsa akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ta koyi yin sabulun wanki, tana curawa tana kaiwa kasuwa, da shi take ciyar da marayun. Wata rana ta jiƙa soda tun da dare, wadda masu sana'ar ke kira kostik, domin idan ta haɗu da ruwa zafi take ɗauka, sai an bar ta ta huce. Da safe ta yi aikinta, ragowar kuma ta juye a gorar roba irin ta ruwan sha, ta tura ƙarƙashin benci. Ruwan soda ba shi da launi, ba shi da wari. Yaron maƙwabta, ɗan shekara 3, ya shigo daga wasa da ƙishirwa, ya ɗaga gora ya kurɓa. Da ya ƙwalla ƙara, matan gida suka yi abin da muka gada: suka ɗura masa manja, suka sa masa yatsa har ya yi amai, sannan aka ruga asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa. Sai dai hanyar abincinsa ta ƙone, da ta tashi warkewa kuma ta tsuke, wata da watanni ta bututu ake ba shi abinci.

Ranar da aka zauna, uban yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi na zo nema ba. A fitar mana da ita daga gidan, a kuma hana wannan sana'a a unguwar nan, kafin ta ci ɗan wani."

Ita tana durƙushe, mayafinta ya jiƙe da hawaye. Sarki ya bari ta natsu, sannan ya ce, "'Yata, me ya sa kike jiƙa soda da yawa har take yin ragowa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, masu saye ne. In sabulu bai ciji hannu ba sai su ce ba shi da ƙarfi, su koma wurin wata. Shi ya sa nake jiƙawa da yawa, in riƙa ƙarawa a kan awo."

Sarki ya yi shiru. Can ya ɗaga zaman zuwa mako biyu, ya juyo wurinmu ya ce, "Malam, a binciko mana. Kafin in raba mace da abincinta, ko in bar yara a bakin hatsari, ina so in san abin da ke wanki a cikin sabulu. Zafin ne, ko wani abu dabam?"

Muka ce to, amma kunya ta rufe mu. Mun karanta babin tsarki tun muna riƙe da allo, mun san rabe-raben ruwa da hukuncin kowanne, ga shi an tambaye mu game da abin da muke shafawa a jiki kowace safiya ba mu da amsa. Abin da ya ƙara mana kunyar shi ne a gindin tukunyar sabulu muka tashi.

Kakarmu ta wajen uwa sana'arta ke nan. A 1983, shekarar da fari ya sauka, gobarar daji ta lashe gonakin koko, Najeriya kuma ta koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya cikin 'yan makonni, muna da shekara 12 a duniya. Wanda ya ga wannan shekara ba ya manta layin sukari da na madara da na sabulu. Sandar sabulun kanti ta zama dukiyar da ake ɓoyewa a ƙasan akwati. A lokacin tukunyar tsohuwar nan ce ta riƙe gidanmu. Mu ake aike mu karɓo ɓawon koko daga masu shigowa daga ƙauye, da ɓawon agade daga masu gashi a bakin titi. A shanya su bushe ƙarau, a ƙone su su zama toka. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai a tsakar gidanmu muka ga inda take kuɗi. Takan zuba tokar a tukunya mai huji a gindi, bayan ta shimfiɗa tsumman buhu, ta kwara ruwa, ya kwana yana ɗiga. Da safe sai ga ruwa ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ta dafa shi ya yi kauri, ta zuba alayyadi, wani lokaci da man kaɗanyar da ake saukowa da shi daga arewa, ta yi ta tuƙawa da muciya. Ya yi kumfa ya taso, ya faɗa, ya sake tasowa, har ya dunƙule ya zama baƙi-baƙi mai laushi.

Abu ɗaya da take yi a ƙarshe ya dawo mana a zuciya bayan zaman zaure. Takan lakato kaɗan ta taɓa da bakin harshe. Idan ya harbe ta sai ta girgiza kai ta ce, "Bai nuna ba," ta ƙara mai, ta ci gaba da tuƙi. A wurinta sabulu mai cizo ɗanye ne, kuma ba ta kai ɗanye kasuwa.

Wannan shi ne sabulun salo. Asantawa na ce masa alata samina, wato sabulun mutanen Najeriya, domin da matan Yarbawa 'yan kasuwa aka san shi, su kuma Yarbawa suna ce masa ose dudu. Kalmar sabulu kanta daga Larabci muka aro ta. Haka nan sunan da masana kimiyya ke kiran dangin ruwan toka da soda da shi, wato alkali, daga Larabci ya fito, daga sunan tokar wasu tsirrai da Larabawa ke yin sabulu da gilashi da ita. Kada a rikita shi da alƙalin kotu, ko da yake shi ma, kamar yadda za mu gani, raba gardama yake yi. Daga baya soda ta yawaita a kasuwa, ta fi toka sauri, tana kuma ba da sabulu mai tauri. A nan aka sami curin nan mai ƙarfi da mutane suka raɗa wa sunan naushin Azumah Nelson, ɗan damben da ya ɗauko wa Ghana kambin duniya a 1984. Sunan raha ne, amma ya nuna inda tunaninmu ya karkata: mun soma auna sabulu da irin dukan da yake yi wa hannu.

Da muka rasa wanda za mu tambaya a cikin sa'o'inmu, sai muka tafi wurin 'yar ƙanwarmu, wadda ke koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare. Ta saurare mu har ƙarshe, ta ce, "Kawu, bari in nuna maka kafin in faɗa maka." Ta ɗauko kwalba ta zuba ruwa rabi, ta tsiyaya manja a kai, ta rufe ta ce mu girgiza. Muka girgiza har hannu ya gaji. Da muka ajiye, kafin a ce me, manja ya tattaru ya hau sama, ruwa ya koma ƙasa. Ta kankaro sabulu kaɗan ta jefa, ta ce mu sake. Wannan karon kwalbar ta zama ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa, ta kuma daɗe a haka. Ta ce, "Ka ga babu abin da ya ƙone a ciki. Manjan yana nan yadda yake. Kawai an sami wanda ya riƙe shi da hannu ɗaya, ya riƙe ruwa da ɗayan."

Ga bayanin yadda muka fahimce shi daga bakinta da kuma littattafan da ta ara mana. Kowane abu da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayar ruwa tana da gefe biyu masu ɗan cajin lantarki, ɗaya kishiyar ɗaya, saboda haka kowace ƙwaya tana manne wa 'yar uwarta, kamar dangin da suka kama hannun juna. Duk abin da ke da irin wannan caji, kamar gishiri, suna buɗe masa hanya ya shiga. Mai ba shi da shi. Ƙwayarsa doguwar sarƙa ce ta kabon da haidurojin wadda ba ta da inda ruwa zai kama, don haka ruwa yakan matse shi waje, shi kuma ya tattaru da 'yan uwansa. Dauɗar jikinmu da ta tufafinmu kuwa da maiƙo take mannewa: fata tana fitar da mai, ƙura da ƙwayoyin cuta su lafe a cikinsa. Shi ya sa wanda ya ci tuwo da miyar manja zai iya ƙarar da buta guda a hannunsa, maiƙon yana nan.

Ƙwayar sabulu ta sha bamban da su duka biyun. A ɗauke ta kamar tsinken ashana. Kanta yana da caji, yana son ruwa, ruwa na son sa. Jelarta kuwa sarƙar mai ce, mai kabon 12 zuwa 18, tana gudun ruwa tana neman maiƙo. Jiki ɗaya, hali biyu. Ƙanƙantarta ta kai a jera miliyan ɗaya kai da jela, tsawonsu bai fi na ƙwayar gero ba. Idan waɗannan ƙwayoyi suka tarar da ɗigon maiƙo a hannu ko a wuyan riga, sai jelolin su nutse a cikinsa, kawunan su tsaya a waje cikin ruwa. Cuɗa da murza su yayyanka maiƙon gutsi-gutsi, kowane gutsure a kewaye shi, ya zama kamar curin fura da aka caccaka wa ashana ta ko'ina, kawuna na waje. Ruwa idan ya duba ba ya ganin mai, kawunan da yake so kawai yake gani, sai ya ɗauki curin ya tafi da shi. Da yake kuma kawunan duk cajinsu iri ɗaya ne, curi ba ya yarda ya matsi curi, maiƙon ba ya samun damar sake haɗewa.

A nan muka tuna abin da muka karanta a Ishmawi da Ahalari, cewa ruwan da wani abu mai tsarki ya jirkita masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ya halatta a aikin yau da kullum, amma ba a ibada da shi. Iyayenmu sukan cuɗa jiki da sabulu tukuna, su ɗauraye, sannan su yi wankan da ya wajaba da ruwa tsantsa. Ta fuskar kimiyya ma ɗauraya rabin aiki ce, domin sabulu kama dauɗa kawai yake yi, ruwan ɗauraya ke tafiya da ita.

Akwai aiki na biyu. Wanda ya taɓa ganin ruwan sama a kan ganyen gwaza ya ga yadda yake dunƙulewa yana gangarawa bai jiƙa ganyen ba. Riƙon da ƙwayoyin ruwa ke yi wa juna ne ke sa saman ruwa ya zama kamar da wata fata a kansa. Ƙwayoyin sabulu sukan yi layi a saman, kai cikin ruwa jela a iska, su sassauta wannan fata, sai ruwa ya baje ya ratsa tsakanin zaren tufa. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fara auna wannan al'amari mace ce da ba ta shiga jami'a ba. Sunanta Agnes Pockels, a garin Braunschweig na Jamus, tana jinyar iyayenta tana kula da gida. Ruwan wanke-wanke ne ya ja hankalinta, ta ƙera ma'auni da kwanon gwangwani da ɗan sikeli, ta yi shekaru tana gwaji. A 1891 mujallar kimiyya ta Nature da ke Ingila ta buga wasiƙarta, bayan babban masani Lord Rayleigh ya karanta ya ga darajarta. Da muka ji wannan sai muka tuna kakarmu da bakin harshenta.

To ina soda ta shigo? Man da ake sabulu da shi, kowane iri ne, ƙwayarsa kamar tsintsiya ce mai tsinke uku da aka ɗaure a gindi ɗaya. Gindin shi ne gilisarin. Muddin suna ɗaure, duk jikinsu gudun ruwa yake yi. Aikin soda ko ruwan toka shi ne su tsinke ɗaurin, su saki tsinkayen uku, su bar wa kowanne kai mai caji. Wannan tsinke da ya sami kai shi ne sabulu. Wani Bafaranshe mai suna Michel Chevreul, wanda ya rayu shekara 102, shi ya warware wannan a littafinsa na 1823 a kan kitse da mai, bayan mutane sun shafe dubban shekaru suna yin sabulu ba su san abin da ke faruwa a tukunya ba. Tokar tsirrai fotasiyam ke cikinta, shi ya sa sabulun salo yake da laushi. Soda kuwa sodiyam ce, tana ba da mai tauri.

Ga amsar tambayar sarki. Sodar da ta sami mai ta tsinke shi ta ƙare, ta daina zama soda, ta zama kan ƙwayar sabulu. Wadda ta rage ba ta sami mai ba, ita ce ke cizo. Kowane mai yana da iyakar abin da zai iya cinyewa: kilo ɗaya na man kaɗanya kimanin giram 130 na soda yake bukata, manja kimanin giram 140, alayyadi sama da giram 160. Duk abin da aka ƙara a kan haka ba ya haifar da ƙwayar sabulu ko ɗaya, domin man ya riga ya ƙare. Zama yake yi a cikin curin yana jiran wani man. Man da zai fara samu kuwa shi ne na fatar mai wanki. Santsin nan da mace ke ji a yatsunta idan ta taɓa ruwan soda, maiƙon fatarta ne ake juyawa sabulu. Gaskiya ne ragowar soda tana iya cin maiƙon tukunya, amma tare da shi take cin launin atamfa, da ƙarfin zare, da tafin hannu. Kowa a cikinmu ya san wata mai wankau da yatsunta suka tsattsage har ba ta iya damun fura. Sai mu ce sanyi ne, ko mu ce aiki ne.

Haka nan kumfa. Mun ɗauka yawan kumfa shi ne ƙarfin sabulu, alhali kumfa iska ce da ƙwayoyin sabulu suka lulluɓe. Alayyadi da man kwakwa jelarsu gajera ce, galibi kabon 12, suna narkewa da sauri su tashi kumfa fal, amma suna busar da fata. Man kaɗanya jelarsa doguwa ce, kabon 18, kumfarsa kaɗan, amma ya fi tausasa wa jiki. Shi ya sa tsofaffi ke haɗa su. Idan kuma sabulu ya ƙi kumfa a ruwan wata rijiya, ya bar wani fari-fari a bakin bokiti, ba lalle laifinsa ba ne. Ruwan ne ke ɗauke da kalsiyam da maganiziyam daga duwatsun ƙasa, su kuma sukan kama kawunan ƙwayoyin su ɗaure su bibbiyu, su kasa aiki. Wannan ne dalilin da ya sa iyayenmu mata ke tara ruwan sama domin wankin kaya masu daraja. Garin wanki na kamfani shi ma ƙwayoyi ne masu kai da jela, sai dai an sauya musu irin kan yadda wannan ruwa ba ya ɗaure su da sauƙi.

Da muka zurfafa sai muka ga ɗan Adam bai ƙirƙiro wannan dabara ba, tarar da ita ya yi a cikin halitta. Ganyen magarya da muke dakawa a wanke mamaci da shi yana kumfa ne domin yana ɗauke da ƙwayoyi masu hali biyu, haka ma aduwa, wadda mutanen karkara ke wanki da ɓawonta. Ruwan maɗaciya da hanta ke haɗawa irin wannan aiki yake yi a cikin hanji: yana yayyanka kitsen da muka ci domin jiki ya iya amfani da shi. Huhunmu cike yake da ƙananan jakunkunan iska masu damshi, waɗanda da fatar ruwan nan za ta manne su duk lokacin da muka fitar da numfashi, ba don wani shafi mai kai da jela da ke cikinsu ba. A 1959 wata likita a Amurka, Mary Ellen Avery, tare da abokin aikinta Jere Mead, suka nuna cewa rashin wannan shafi ne ke sa bakwaini da yawa su kasa numfashi, a yau kuma akwai maganin da ake zuba wa irin waɗannan jarirai a huhu. Kai, kowace ƙwayar halitta a jikinmu bangonta da irin waɗannan ƙwayoyi aka yi shi, layi biyu, jela na kallon jela, kawuna na fuskantar ruwan ciki da na waje. Wasu masana biyu 'yan Holan, Gorter da Grendel, suka fara nuna haka a 1925 da jajayen ƙwayoyin jini.

Wannan ne ma sirrin abin da muka yi ta yi a 2020 ba tare da mun san dalili ba. Da korona ta shigo Ghana a watan Maris, aka kulle Accra da Kumasi mako uku, kowace ƙofar masallaci da shago ta sami bokiti mai famfo, wanda ake kira da sunan Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar nan da ta fito da shi. Aka ce a cuɗa hannu da sabulu daƙiƙa 20. Ƙwayar cutar rigar maiƙo gare ta. Jelolin sabulu sukan kutsa cikin rigar su yage ta, ruwa ya share sauran. Sabulun wanka mafi sanyi yana yin wannan aiki, ba sai mai cizo ba. Lokaci da cuɗa yake bukata.

Ranar da aka koma zaure, 'yar ƙanwarmu ta zo da kwalbarta, ta maimaita gwajin a gaban sarki da dattawa da matan da ke wannan sana'a, su tara, waɗanda aka aika wa takarda. Muka karanta abin da muka tattara. Da muka kai wurin kakarmu da kalmarta ta "bai nuna ba", wata tsohuwa daga baya ta ce uwarta ma haka take faɗa.

Sarki bai kori matar ba, bai kuma hana sana'ar ba. Ya ce da uban yaron, "Ɗana, in na kore ta, gobe a wani gidan za ta jiƙa, inda babu wanda ya san abin da ya faru. A nan kuwa kowa ya gani." Ga abin da muka rubuta a littafi. Ba a jiƙa soda a tsakar gidan da yara ke ciki, sai a rumfar da aka ware mai ƙofa da kwaɗo. Ba a zuba ruwanta a gorar ruwan sha ko kofi ko kwanon abinci, ko da na minti ɗaya ne. Abin da za a yi aiki da shi kawai ake jiƙawa, da sikeli ake awo, ba da gwangwani da ido ba. Soda ake zubawa a ruwa sannu a hankali, ba ruwa a kan soda ba, domin tana iya tafasa ta fantsamo. Ba a aiki da ita a tukunyar alminiyam, tana cin ta. Sabulun da ba a dafa ba a bar shi ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin a kai kasuwa. Matan tara suka haɗa kuɗi suka sayi sikeli biyu. Ita kuma matar, da bakinta ta ɗauki alkawarin wani kaso daga cinikinta kowane wata domin kuɗin asibitin yaron, 'yan uwanta masu sana'a suka ce da su za a yi.

Akwai sakin layi ɗaya da sarki ya ce a karanta a masallatai, muna kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar da shi gida. Idan yaro ya sha ruwan soda, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, kada a ba shi lemon tsami ko wani abu da sunan kashe kaifin. Abin da ya ƙona hanya yana sauka zai sake ƙona ta yana hawa, aman kuma yana iya faɗawa huhu. A share masa baki, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da gorar domin likita ya ga abin da ya sha. Idan a fata ko a ido ta zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, aƙalla minti 20, sannan a tafi. Matan da suka ɗura wa yaron nan manja ƙauna ce ta sa su, kuma da muna wurin da hannunmu za a yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saura mu masu saye, domin maganar matar nan a zaure da mu take. Mu ne muke murza curi a kasuwa mu ce a ba mu wanda ya fi cizo, mu ne muke mayar da mai sanyi mu ce ruwa ne. Muddin muna biyan kuɗin zafi, za a ci gaba da jiƙa soda fiye da kima, ragowarta kuma dole ta kwana a wani wuri.

Yaron yana nan. An yi masa aikin buɗe hanyar sau da dama, yanzu yana shan koko yana haɗiye tuwo mai laushi, nama ne har yau bai iya ba. Uban bai koma gaisawa da matar kamar da ba, ba mu kuma matsa masa ba. Amma ran nan mun wuce ta ƙofar gidan muka ga uwar yaron tana wanki da curin da ya fito daga rumfar nan. Muka tambaye ta ko yana fita. Ta ɗago hannuwanta ta nuna mana, ta ce, "Yana fita, Malam. Ga shi kuma bai taɓa ni ba."

Allah ya ba yaron cikakkiyar lafiya, ya tsare mana zuriya, ya sa albarka a sana'ar iyayenmu mata.